Shekaru 40 Ana Farautar Takwaran Kwak Mafi Nauyi

Ranar 2 ga Maris 1995, a cibiyar bincike ta Fermilab da ke Batavia kusa da birnin Shikago a Amurka, ƙungiyoyi biyu na masana fiziks, CDF da D0, suka sanar da cewa sun gano kwak na shida, wanda ake kira tof. Su kwak ƙananan ƙwayoyi ne da ke haɗuwa uku-uku su gina furoton da niyutoron, waɗannan kuma su gina cibiyar ƙwayar zarra. An shafe shekaru 18 ana neman wannan na shidan, tun daga 1977 da aka gano na biyar a wannan cibiya, kuma abin da ya jawo jinkirin shi ne nauyinsa. Masana suna auna nauyin irin waɗannan ƙwayoyi da ma'aunin GeV, wanda guda ɗayansa ya ɗan ɗara nauyin furoton kaɗan. Tof ya kai GeV 173, wato nauyin furoton wajen 184, ya kusa kamo nauyin ƙwayar zarrar zinariya ɗungurungum, alhali kuwa ƙwaya ce guda tilo da ba a san tana da wani abu a cikinta ba. Har yau babu ƙwayar asali da aka sani da ta kai shi nauyi. Wannan nauyi ne ya sa tun kafin a gama murnar gano shi, hankalin masana da yawa ya riga ya koma kan wata ƙwaya da ake zaton takwararsa ce, wadda har yanzu ba wanda ya taɓa gani.

Tarihin neman wannan takwara ya cancanci a ba da shi da kyau, domin ana yawan ba da shi a karkace. Wasu suna cewa asarar dukiya da ƙuruciyar dubban masana aka yi a kan mafarki. Wasu kuma suna cewa babu abin da ya canja, a ƙara haƙuri kawai. A ganina duka biyun sun kauce. Abubuwa biyu ne aka cakuɗa: akwai ka'idar da ta ce kowace ƙwaya tana da takwara, akwai kuma alkawarin da aka ɗora a kanta cewa takwaran tof ba shi da nauyi sosai, don haka injinan zamaninmu za su riske shi. Alkawarin nan an gwada shi gwaji na gaskiya, ya kuma faɗi. Ka'idar ita kanta tana nan da ranta, sai dai ta rasa babbar hujjar da aka fi tallata ta da ita.

Asalin ka'idar ya koma farkon shekarun 1970. Ƙwayoyin asali dangi biyu ne, kuma abin da ya raba su shi ne wani juyi na cikin jiki da kowace ke ɗauke da shi, wanda za a iya kwatanta shi da juyin katantanwar da yara ke murzawa, ko da yake kwatancen bai cika ba. Dangi na farko, wanda elektron da kwak suke ciki, juyinsu rabi ne, kuma biyu daga cikinsu ba sa taɓa zama a hali guda a wuri guda. Shi ya sa dutse yake da tauri. Dangi na biyu, irin su ƙwayar haske, juyinsu cikakken adadi ne, suna iya cunkushewa ba iyaka. A 1971 Yuri Golfand da Evgeny Likhtman a Mosko suka nuna cewa lissafi ya yarda a ƙulla dangantaka tsakanin dangin biyu. Dmitri Volkov da Vladimir Akulov a Kharkov suka iso ga makamancin haka a 1972, sannan Julius Wess da Bruno Zumino a Turai suka shimfiɗa ta a 1974 yadda sauran masana suka iya ɗauka su yi aiki da ita. Sunanta sufasimetiri, ana taƙaita shi da Susi. Pierre Fayet a Faransa ya fara ɗora ta a kan ƙwayoyin da aka sani, kuma a 1981 Savas Dimopoulos da Howard Georgi suka fitar da tsarin da ya zama ma'auni ga kowa. A cikinsa kowane kwak mai juyi rabi yana da takwara marar juyi, kuma ana raɗa wa takwaran suna ta hanyar ƙara harafin s a gaba. Takwaran tof ya zama stof.

Dalilin da ya sa stof ya fi sauran takwarori muhimmanci yana tattare da ƙwayar Higgs, kuma a nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, don duk tarihin ya rataya ne a kansa. A Daidaitaccen Tsarin fiziks, wato ka'idar da ke bayyana ƙwayoyin asali da aka sani, ƙwayoyi suna samun nauyi ne daga mu'amalarsu da filin Higgs, kuma mafi nauyi shi ne mafi ƙarfin mu'amala. Mu'amalar kuwa ba ta tafiya ta gefe guda. Kamar yadda Higgs yake ba tof nauyi, haka tof yake mayar masa da martani, yana ƙara wa lissafin nauyin Higgs wani kaso da ke girma gwargwadon nisan da ka'idar za ta iya kaiwa. Idan Daidaitaccen Tsari zai yi aiki har zuwa ma'aunin Planck, inda ƙarfin janyowar ƙasa ke shigowa, wajen GeV 10 da sifili 18 a bayansa, to kason ya yi girman da sai an soke shi da wani adadi mai kama da shi har zuwa lambobi sama da 30 kafin a samu ɗan nauyin da ake gani. Ka ɗauka an kawo maka littafin ɗan kasuwa, ribarsa adadi ne mai lambobi 30, bashinsa ma haka, kuma babu wata alaƙa tsakanin masu binsa bashi da masu sayen kayansa, amma da aka cire wannan daga wancan sai aka samu ragowar naira ɗari cif. Lissafi bai haramta hakan ba, amma duk mai hankali zai ce ruwa ba ya tsami banza. Susi ta kawo amsa mai kyan gaske: kason da ƙwaya mai juyi rabi ke bayarwa da na takwararta marar juyi suna da alamar da ta saɓa, ɗaya ƙari ɗaya ragi, sai su soke juna da kansu. Tunda tof ne ke kawo kaso mafi girma, stof ne mai soke shi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada nauyin stof ya yi wa na tof nisa ƙwarai, domin ragowar da ba ta soku ba tana ƙaruwa da tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan tunani, da masana ke kira hujjar ɗabi'a, ba son zuciya ba ne, yana da tarihi mai ƙarfi a bayansa. A 1974 Mary Gaillard da Benjamin Lee suka dubi ɗan bambancin nauyi da ke tsakanin ƙwayoyin kayon guda biyu, suka ce ba zai yi ƙanƙanta haka ba sai idan akwai kwak na huɗu mai nauyin da bai wuce 'yan GeV kaɗan ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka gano shi a Brookhaven da Stanford, da nauyin da ya dace da hasashensu. Wanda ya ga irin wannan nasara da idonsa ba za a zarge shi ba idan ya yi tsammanin ta maimaitu. A 1983 John Ellis da Serge Rudaz suka ƙara wani dalili. Tof yana da takwarori biyu, na hannun dama da na hagu, kuma saboda nauyinsa suna cakuɗuwa sosai, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, har mai yiwuwa stof mai sauƙin ya zama mafi sauƙin duk takwarorin kwak. A 1988 Riccardo Barbieri da Gian Giudice suka sa wa hujjar ma'auni: idan ba a yarda soke-soken ya wuce kashi ɗaya cikin goma ba, to takwarorin da suka fi muhimmanci dole su kasance a ƙasa da GeV 1,000 ko kewayensa. Daga nan alkawarin ya samu adadi, kuma abin da ke da adadi ana iya ƙaryata shi.

Yadda ake neman stof ya samo asali daga wata ƙa'ida da Glennys Farrar da Fayet suka bayyana a 1978, wadda ta ce takwarori ba sa fitowa sai biyu-biyu, kuma mafi sauƙinsu ba ya rushewa. Galibi ana ɗaukar cewa wannan mafi sauƙin shi ne niyutiralino, ƙwaya marar cajin lantarki da ke ratsa na'ura ba ta bar sawu ba, wadda kuma tun 1983 da 1984 aka lura za ta iya zama ɓoyayyen sinadarin da ya cika sararin samaniya. Don haka mai bincike ba ya ganin stof, ba ya ganin niyutiralino. Abin da yake gani shi ne giɓi. Ƙwayoyi biyu sun gwaru gaba da gaba, ɓurɓushin da ya tarwatse gefe dole ya daidaita ta kowace fuska; idan aka tara aka ga wani ɓangare ya rinjayi wani, to wani abu ya fice a ɓoye. Matsalar ita ce niyutirino, ƙwayar da aka daɗe da sani, shi ma haka yake ficewa. An ɗanɗana wannan tun 1984, lokacin da gwajin UA1 na cibiyar CERN da ke kusa da Janeba ya ga wasu karo masu giɓi, har aka fara rubuce-rubucen cewa Susi ce ta bayyana, kafin a 1985 a gane cewa tarin abubuwan da aka riga aka sani ne suka haɗu suka ba da wannan kama.

Injin LEP, mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Siwizalan, ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000 yana gwara elektron da kishiyarsa. Karonsa mai tsabta ne, ba tarkace da yawa, don haka abin da ya kore ya koru. Gwaje-gwajensa huɗu, ALEPH da DELPHI da L3 da OPAL, sun nuna babu stof a ƙasa da wajen GeV 95 zuwa 100 a yawancin yanayi. LEP ya ba masu Susi abin farin ciki a 1991, da aka nuna cewa ƙarfafan ɗabi'a uku suna haɗuwa a wuri guda a can sama idan akwai takwarori, ba sa haɗuwa idan babu. Amma shi ne kuma ya kawo ciwon farko, wanda a lokacin ba kowa ya so ya dube shi ba. A tsarin Susi mafi sauƙi, nauyin Higgs a matakin farko na lissafi ba ya wuce na ƙwayar Z, wato GeV 91, kuma abin da ke ɗaga shi sama da haka shi ne stof mai nauyi. LEP ya rufe aiki da hukuncin cewa Higgs ya fi GeV 114.4. Ke nan hujjar ɗabi'a tana son stof marar nauyi, nauyin Higgs yana son stof mai nauyi, igiya ɗaya ana ja ta gefe biyu. Injin Tevatron na Fermilab, wanda aka rufe a ƙarshen Satumba 2011, ya tura iyakar nauyin stof zuwa wajen GeV 200 a wasu hanyoyin rushewa. Babban injin da Amurka ta fara haƙa wa rami a Tekzas, wanda da ya kai ƙarfin GeV 40,000, majalisar dokokin ƙasar ta soke shi a Oktoba 1993 bayan an kashe kusan dala biliyan 2.

Sai aka zuba ido ga LHC, wanda aka gina a ramin LEP don gwara furoton da furoton. An kunna shi ranar 10 ga Satumba 2008, bayan kwana tara wata mahaɗar lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ta ƙone ta jawo gyaran fiye da shekara, sai a 30 ga Maris 2010 aka fara karo a ƙarfin GeV 7,000. Cikin shekara biyu gwaje-gwajen ATLAS da CMS suka kore takwarorin kwak masu sauƙi har zuwa wajen GeV 1,000. Masu ka'ida suka ja da baya zuwa ganuwa ta ƙarshe, kuma ja da bayan yana da hujja: takwarorin sauran kwak suna iya yin nauyin da suka ga dama, domin kasonsu a lissafin Higgs ƙarami ne, amma stof ba shi da wannan damar. A ƙarshen 2011 Michele Papucci da Joshua Ruderman da Andreas Weiler suka zayyana wannan matsayi, suka nuna cewa stof da bai wuce wajen GeV 700 ba har yanzu yana da wurin ɓuya. Daga nan neman stof ya zama zakaran gwajin dafi. Ranar 4 ga Yuli 2012 aka sanar da gano Higgs a GeV 125. Adadin bai fita daga abin da Susi ta yarda da shi ba, tunda iyakarta wajen 135 ce, amma a tsari mafi sauƙi ba a kai shi sai da stof mai nauyin dubban GeV ko kuma cakuɗuwa mai tsanani tsakanin stof biyun.

Wahalar aikin da aka yi bayan nan ta cancanci a faɗe ta da adadi. Daga 2015 zuwa 2018, a zangonsa na biyu, LHC ya yi aiki a ƙarfin GeV 13,000. A tarin bayanan da kowane gwaji ya samu a wannan zango, an samar da tagwayen tof na yau da kullum sama da miliyan 100. Da akwai stof mai nauyin GeV 1,000, tagwayensa da za a samar ba za su wuce kusan 1,000 ba, kuma kowannensu zai rushe ne ya zama tof da niyutiralino, wato ya sa rigar abin da ya fi shi yawa sau dubu ɗari. Dunƙulen furoton suna haɗuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa, na'ura kuma tana iya adana wajen dubu ɗaya kacal, don haka tun a ƙiftawar ido ake yanke hukuncin abin da za a ajiye. Masu bincike sun ƙirƙiro ma'aunai na musamman da ke bambance giɓin niyutirino da na ƙwaya mai nauyi, sun koya wa kwamfuta gane tof mai tsananin gudu wanda ɓurɓushinsa ya dunƙule wuri guda, sun kuma auna kowane tushen ruɗani daga bayanan kansu maimakon dogaro da lissafi kaɗai. Zangon farko na LHC ya kai iyakar nauyin stof zuwa wajen GeV 700. Sakamakon zango na biyu, da ya fito a 2020 da 2021, ya kai ta GeV 1,250 a ATLAS da kusan 1,300 a CMS, idan niyutiralino marar nauyi ne. Ganuwar da aka ja a 2011 an tsallake ta da kusan ninki biyu.

Masu kare Susi suna da amsoshi biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce iyakokin nan suna da ramuka. Idan nauyin stof da na niyutiralino sun kusanci juna, ɓurɓushin da ke fitowa ba shi da ƙarfi, giɓin ma kaɗan ne, sai an yi sa'ar wani feshin ƙwayoyi ya tunkuɗa tagwayen gefe kafin a gan su. Idan tazarar ta yi daidai da nauyin tof, karon yana kama da na tof sak. Idan kuma ƙa'idar Farrar da Fayet ba ta aiki, babu giɓi sam. Gaskiya ne, amma waɗannan ramuka ba a bar su a buɗe ba. Tun 2014 ATLAS ya yi amfani da yadda juyin tof biyu ke da alaƙa da juna, abin da stof marar juyi ba zai kwaikwaya ba, ya kore stof daga nauyin tof zuwa GeV 191, kuma a yankin da nauyin ya matsu iyakar ta haura GeV 500. Abin da ya rage lungu ne, kuma ka'idar da sai an saita ta da kyau don ta faɗa lungu ta koma ga irin cutar da aka kawo ta ta warkar. Amsa ta biyu ta fi ƙarfi: ma'aunin kashi ɗaya cikin goma zaɓin mutane ne, ɗabi'a ba ta sa hannu a kansa ba. Stof mai nauyin GeV 2,000 ko 5,000 yana barin saiti na ɗaya cikin ɗari ko cikin dubu, wanda ya fi saiti mai lambobi 30 sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ya dace da Higgs mai GeV 125. Na yarda da wannan gaba ɗaya. Sai dai wanda ya faɗe shi ya amsa da bakinsa cewa alkawarin 1988 ya tashi, kuma sabuwar maganar ba ta gaya wa mai gina inji inda zai tsaya. Wasu manyan masana sun amsa hakan a fili: a Agusta 2016 a Cibiyar Niels Bohr da ke Kofanhagan, waɗanda suka yi fare tun 2000 cewa za a ga takwarori suka yarda sun faɗi.

Masu cewa an yi asara su ma sun yi kuskure, kuma nasu ya fi girma. Sun ce Susi ba ta ƙaryatuwa, duk lokacin da aka kore ta sai ta ƙara gaba. Wannan gaskiya ne game da ka'idar a dunƙule, amma tarihin stof shi ne shaidar da ke karya maganarsu, domin a nan an faɗi adadi tun kafin gwaji, an gina na'ura, an duba, an samu amsa. Kafin 2010 babu mahalukin da ya san ko ɗabi'a tana kare nauyin Higgs ta wannan hanya mai sauƙi. Yau an san ba ta yi, kuma babu hanyar sanin hakan sai ta gwaji. Ba kuma don stof kaɗai aka gina LHC ba. Injin da ya kore shi shi ne ya gano Higgs, kuma dabarun da aka ƙera don farautarsa su ne ake auna tof da su a yau, har aka kai ga ganin karo mai fitar da tof huɗu a lokaci guda a 2023. Laifin da za a iya ɗora wa wasu masu ka'ida shi ne sun yi wa jama'a da gwamnatoci magana da tabbacin da hujjarsu ba ta kai ba, suka mayar da kyakkyawan zato kamar abin da aka riga aka gani.

LHC ya dawo aiki a Yuli 2022 da ƙarfin GeV 13,600, kuma ana shirin inganta shi ya tara bayanai da suka ninka na zango na biyu wajen sau 20, daga kusan 2030. Ƙididdigar gwaje-gwajen ta nuna hakan zai kai iyakar stof zuwa wajen GeV 1,700, ƙari mai amfani amma ba mai yawa ba, domin yawan karo ba ya maye gurbin ƙarfinsa. Injin da CERN ke nazarin ginawa, mai kewayen kilomita 91, shi ne zai iya kaiwa wajen GeV 10,000, yankin da nauyin Higgs ya fi nunawa a tsari mafi sauƙi. Ya kamata a ƙarasa binciken lungunan da suka rage a LHC, tunda bayanan suna nan kuma kuɗinsu an riga an biya. Amma duk wanda zai je gaban majalisun ƙasashe neman kuɗin sabon inji, kada ya sake yi musu alkawarin stof. Ya gaya musu abin da shekaru 40 suka tabbatar: an nemi takwaran tof a inda hujjar ɗabi'a ta ce yana nan, ba a same shi ba, kuma tambayar abin da ya hana nauyin Higgs tashi sama tana nan ba a amsa ta ba.